Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: darasin diyauci daga Indiya

Idan aka ambaci Indiya a Maraɗi ko Damagaram, abin da ke faɗowa a ran mafi yawanmu bai wuce fina-finai, da magunguna, da adaidaita sahu, da layin Airtel ba. Mutanen Yamai za su ƙara da babban zauren taro na Mahatma Gandhi, wanda Indiya ta gina, ministanta na harkokin waje Jaishankar ya zo bikin buɗe shi a watan Janairun 2020. To amma akwai wata fuskar Indiya da ba mu cika tattaunawa a kanta ba, wato yadda take tafiyar da harkar tsaronta da hulɗarta da manyan ƙasashe.

Ƙasa ce da ta sayi na'urorin kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha, ta sayi jiragen yaƙi na Rafale daga Faransa, sojojinta na atisaye da na Amurka, kuma shugabanta na zama teburi ɗaya da shugaban Sin a taron BRICS. Duk da haka babu sansanin sojan wata ƙasa a cikinta. Da yake kalmar diyauci ita ce a bakin kowa a ƙasarmu yau, wasu na kawo misalin Indiya su ce ga hanya nan, mu ma mu yi hulɗa da kowa mu ci ribar kowa. Ni ma ina ganin akwai abin koyi. Sai dai a ganina mutane na kallon rassan itacen ne suna mantawa da saiwarsa. Abin da ya ba Indiya bakin magana gaban manya shi ne rumbunta, da baitulmalinta, da makarantunta, da masana'antunta. Kuma duk wurin da waɗannan huɗu suka gaza, har gobe ana murɗe mata hannu.

Dukan da aka sha a 1962

Firaministan Indiya na farko, Jawaharlal Nehru, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƴan ba-ruwanmu. Ya halarci taron Bandung a 1955, da na Belgrade a 1961. Ya ƙi shiga ƙawancen soja na Amurka, ya ƙi na Tarayyar Sobiyet, ya kuma ɗauki ƙasar Sin a matsayin ƴar uwa. Mutuncinsa ya kai ko'ina a Asiya da Afirka, ana sauraren sa a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ranar 20 ga Oktoban 1962 sojojin Sin suka afka wa na Indiya a kan iyakarsu ta duwatsun Himalaya. Cikin wata guda aka tarwatsa rundunar Indiya, wadda aka tura saman tsaunuka ba isassun tufafin sanyi, da tsofaffin bindigogi. Ranar 19 ga Nuwamba, Nehru, mutumin da ya yi shekaru yana wa duniya huɗubar kada a jingina da kowa, ya rubuta wa shugaban Amurka Kennedy wasiƙa yana roƙon a turo masa jiragen yaƙi. Kwana biyu bayan haka Sin ta tsayar da wuta don ra'ayin kanta, bayan ta cimma abin da take so.

Daga wannan kunya ne tunanin tsaro na Indiya ya samo asali. Sun gane cewa daɗin baki a zauren taro ba ya tare harsashi. Aka ninka kuɗin da ake kashewa soja, aka faɗaɗa runduna, aka fara haɗa jiragen MiG-21 na Sobiyet a cikin gida. Jiragen nan sun yi wa Indiya aiki shekara sittin da ɗoriya, sai a watan Satumban 2025 aka yi musu ritaya.

Rumbu da baitulmali

Darasi na biyu ya fi kusa da zuciyarmu mu mutanen Sahel. A 1965 da 1966 fari ya afka wa Indiya shekara biyu a jere. Abin da ya hana miliyoyi mutuwa shi ne alkamar taimako daga Amurka. Shugaba Johnson kuwa ya riƙa sakin jiragen alkamar kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, domin Indiya ta gyara manufofinta na noma, ta kuma rage sukar da take yi wa yaƙin Biyetnam. Ƙasar da ke da ɗaruruwan dubban sojoji ta wayi gari cikinta na hannun wani.

Magabatan Indiya ba su tsaya zagin Johnson ba. A 1966 suka shigo da tan 18,000 na ingantaccen irin alkama daga Meksiko, suka zuba kuɗi a noman rani da taki, gwamnati ta yi wa manoma alkawarin sayen amfanin gona a farashin da aka tsayar tun kafin girbi. Masana irin su Swaminathan suka duƙufa. Zuwa 1968 girbin alkama ya haura tan miliyan 16. Yau Indiya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa, har ta kai lokacin da ta taƙaita fitar da farar shinkafa a watan Yulin 2023, farashi ya tashi a kasuwannin duniya. Wanda aka taɓa horarwa da yunwa, yanzu shi ke riƙe da mudu.

Na uku ya zo a 1991. Tarayyar Sobiyet, wadda ta tsaya wa Indiya a yaƙin 1971 da Pakistan, kuma mai sayar mata da mafi yawan makamanta, tana kan rugujewa. Kayan gyaran jirage da tankoki suka yi wuyar samu. A daidai lokacin kuɗin waje da ke asusun ƙasa ba su isa sayayyar ƴan makonni ba. Sai da aka kwashi tan 67 na zinariyar ƙasa aka kai jingina a bankunan Ingila da Suwizalan kafin a samu bashi. Firaminista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka buɗe tattalin arziki. Yau ajiyar kuɗin waje ta Indiya ta haura dalar Amurka miliyar 600.

Mai karatu ya lura da abu guda: a duka lokutan uku, ba ƙarancin kishin ƙasa ne ya durƙusar da Indiya ba. Kishin yana nan. Bindiga ce babu a karon farko, hatsi a na biyu, kuɗi a na uku.

Yadda ake karɓar taimako

Abin da ya fi burge ni a tarihin Indiya shi ne irin taimakon da ta nema tun farko. Lokacin da Gabas da Yamma ke zawarcinta, sai ta ce kowa ya zo ya gina mata abin da zai zauna. Sobiyet ta taimaka aka gina masana'antar ƙarfe ta Bhilai, Jamus ta Yamma ta Rourkela, Ingila ta Durgapur. Haka aka yi da manyan makarantun injiniyoyi da ake kira IIT: ta Bombay da hannun Sobiyet, ta Madras da hannun Jamus ta Yamma, ta Kanpur da hannun jami'o'in Amurka, ta Delhi da hannun Ingila. An kafa hukumar makamashin nukiliya tun 1948 ƙarƙashin Homi Bhabha, hukumar binciken kayan tsaro a 1958, hukumar sararin samaniya a 1969.

Yaran da aka horar a waɗannan wurare su ne suka gwada bam ɗin nukiliya a Pokhran ranar 18 ga Mayun 1974, aka sake gwaji a watan Mayun 1998. Ƙasashen da ke da fasahar suka rufe wa Indiya ƙofar sayen uraniyom da injunan nukiliya fiye da shekara talatin. Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a 1998. Amma ba a cika shekara biyu ba shugaba Clinton ya kai ziyara Delhi, kuma a 2008 aka ɗage mata haramcin cinikin nukiliya ba tare da ta ajiye makamanta ba. Dalili kuwa a fili yake: kasuwarta ta yi girman da ba a iya juya mata baya, kuma Amurka na buƙatar mai ƙarfi a maƙwabtan Sin.

Mu da ke da uraniyom a ƙarƙashin ƙasar Arlit ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Indiya ba ta da wadataccen uraniyom, amma tana da mutanen da suka san abin da ake yi da shi. Mu muna da ma'adinin, mutanen ne ba mu tara ba.

Ciniki da kowa, da abin da yake ci

A watan Oktoban 2018 Indiya ta sa hannu kan sayen S-400 guda biyar daga Rasha a kan kuɗi sama da dalar Amurka miliyar 5. Amurka na da dokar hukunta duk wanda ya yi irin wannan ciniki. Turkiyya, wadda ƴar ƙungiyar NATO ce, ta sayi na'urar iri ɗaya, aka cire ta daga shirin jiragen F-35, aka sa mata takunkumi a watan Disamban 2020. Indiya kuwa aka kau da kai. Bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine a 2022 ta ƙi kaɗa ƙuri'ar la'antar Rasha a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shiga sayen ɗanyen man Rasha mai rahusa. Daga abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na man da take shigowa da shi ba, ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku. A watan Yulin 2024 Modi ya je Mosko ya rungumi Putin, wata guda bayan haka ya je Kiyef ya rungumi Zelensky.

A lokaci guda kuma, a hankali ba tare da hayaniya ba, tana rage dogaro da makaman Rasha. Alƙaluman cibiyar SIPRI ta Suwidin sun nuna cewa tsakanin 2009 da 2013 kashi 76 cikin 100 na makaman da Indiya ta shigo da su na Rasha ne. Tsakanin 2019 da 2023 ya sauko zuwa kashi 36, Faransa ta kai kashi 33. Ba a yi taron gangami ba, ba a kori jakadan kowa ba, sai dai an raba ƙafa.

Sannan duk cinikin da za ta yi, tana ƙoƙarin cusa sharaɗin a haɗa kayan a cikin gida, a koya wa ƴaƴanta. Makami mai linzami na BrahMos haɗin gwiwa ne da Rasha tun 1998, sunan ma daga kogin Brahmaputra da kogin Mosko aka haɗa shi. A 2022 Indiya ta sayar wa Filifin da shi a kan dalar Amurka miliyan 375. A shekarar ce kuma ta ƙaddamar da Vikrant, jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi da aka ƙera a garin Kochi.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya tafi daidai. Shirin jirgin yaƙin gida mai suna Tejas an fara shi a 1983, bai tashi sama ba sai 2001, bai shiga aikin soja ba sai 2016. Har yanzu injinsa daga kamfanin Amurka ake sayo shi, domin injin da Indiya ta yi ta ƙoƙarin ƙerawa bai kai ga biyan buƙata ba. Da injunan suka yi jinkirin zuwa, sai jiragen suka zauna a masana'anta suna jira. Daga cikin S-400 biyar, uku suka iso da wuri, yaƙin Ukraine ya jinkirta sauran biyun. Kayan aro ba ya ado, ko da kuwa da kuɗinka ka saya, muddin mabuɗin gyaransa na hannun wani.

Shekarar 2025 ta fallasa sauran

Ranar 22 ga Afrilun 2025 ƴan bindiga suka kashe mutum 26 a Pahalgam da ke Kashmir. Ranar 7 ga Mayu Indiya ta kai hari cikin Pakistan, aka yi kwana huɗu ana musayar wuta tsakanin ƙasashe biyu masu makaman ƙare-dangi. Babban hafsan tsaron Indiya ya amsa daga baya cewa sun yi asarar jirage. Pakistan ta yi yaƙin ne da jirage da makamai ƙirar Sin, wadda ke ba ta kusan kashi 80 cikin 100 na makaman da take saye daga waje. Shugaba Trump ya yi ta nanata cewa shi ya sasanta su, Indiya na musantawa. A watan Yuni ya karɓi shugaban sojan Pakistan a fadarsa suka ci abinci. A ƙarshen Agusta kuma ya ɗaga kuɗin fito a kan kayan Indiya zuwa kashi 50 cikin 100, rabinsa a matsayin horo kan sayen man Rasha. Sin ta fi Indiya sayen man Rasha, amma ba a ɗora mata wannan horon ba, saboda tana riƙe da ma'adinan da masana'antun Amurka ba sa iya rayuwa sai da su.

Kwanaki kaɗan bayan haka sai ga Modi a birnin Tianjin yana musafaha da Xi Jinping, ziyararsa ta farko a Sin cikin shekara bakwai. Wannan ita ce Sin ɗin da sojojinta suka yi artabu da na Indiya a kwarin Galwan a watan Yunin 2020, da sanduna da duwatsu, sojan Indiya 20 suka mutu. Bayan wancan rikici Indiya ta haramta TikTok da wasu manhajojin Sin, amma giɓin cinikinta da Sin ya ci gaba da faɗaɗa har ya kusa dalar Amurka miliyar 100 a shekara. Hatta magungunan Indiya da muke sha, kaso mai yawa na sinadaran da ake haɗa su daga Sin suke zuwa.

Ke nan shekara 25 na gina abota da Amurka ba su hana a murɗe wa Indiya kunne ba, kuma fushinta da Sin bai raba ta da buƙatar Sin ba. Nauyin da kake da shi a sikeli shi ake dubawa.

Akwai kuma abin da na san yana ran masu karatu da yawa. Indiyar da ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, ita ce yau babbar mai sayen makaman Isra'ila. Ita ce ta soke ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kan Kashmir a watan Agustan 2019, kuma halin da Musulminta ke ciki ƙarƙashin jam'iyyar BJP abin damuwa ne. Ita ce kuma ta tsaya kai da fata aka shigar da Tarayyar Afirka cikin ƙungiyar G20 a taron Delhi na 2023. Duk waɗannan fuskoki nata ne. Indiya na bin maslaharta ne, kuma idan ta zo Afirka da murmushi, kasuwa da ma'adinai da ƙuri'unmu a Majalisar Ɗinkin Duniya take nema. Ba laifi ba ne, sai dai mu ma mu zauna da ita da namu lissafin a hannu.

Me ya shafe mu?

Na san Nijar ba Indiya ba ce. Su sun haura mutum miliyar ɗaya da miliyan 400, suna da teku ta ɓangarori uku. Mu ba mu kai miliyan 30 ba, kuma kayanmu sai sun ratsa tashar ruwan wani. Wanda ya ce mu kwaikwayi Indiya taki-taki yana yaudarar mu. Amma tambayar da suka sha wuya kafin su amsa, ita ce a gabanmu. Sojojin Faransa sun gama fita a watan Disamban 2023, na Amurka a Satumban 2024, masu horarwa na Rasha sun iso a Afrilun 2024, muna da jirage marasa matuƙa na Turkiyya, Sin na cikin harkar man fetur ɗinmu. An raba ƙafa, kuma ina goyon bayan haka. Abin da ya rage mu tambayi kanmu shi ne, a cikin kowace yarjejeniya da ake sa wa hannu, mene ne zai zauna a ƙasar nan bayan baƙon ya tafi?

Idan an sayo jirgi, ƴaƴanmu nawa aka horar su kwance shi su ɗaura? Idan an ba wani rijiyar mai ko ramin uraniyom, makaranta nawa ya gina, injiniya nawa ya yaye? Rumbun tsimin ƙasa zai riƙe mu wata nawa idan aka sake rufe mana iyakoki kamar yadda CEDEAO ta yi a 2023, lokacin da wuta ta ɗauke, magani da abinci suka yi tsada? Ƙasar da ta haifi Farfesa Abdou Moumouni, wanda ya yi fice a binciken makamashin hasken rana tun duniya ba ta waye da shi ba, ba ta rasa ƙwaƙwalwa ba. Abin da ake buƙata shi ne a zuba kuɗi a ɗakunan bincike na jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, a kuma ɗauki kuɗin noman rani a matsayin kuɗin tsaro.

Sai abu na ƙarshe, wanda na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Tun 1947 soja bai taɓa karɓar mulki a Indiya ba. Gwamnatoci sun zo sun tafi, jam'iyyar Congress ta faɗi, BJP ta hau, amma shirin nukiliya, da na sararin samaniya, da manufar ƙin jingina da kowa, sun ci gaba daga hannu zuwa hannu. Majalisa na tambayar kuɗin da aka kashe, jaridu na tonon silili kan cinikin makamai, har badaƙalar sayen bindigogin Bofors ta taimaka wajen kayar da gwamnatin Rajiv Gandhi a zaɓen 1989. Pakistan da suka samu ƴanci tare, wadda ta sha juyin mulki a 1958, 1977 da 1999, ta yi ta yawo daga hannun Amurka zuwa hannun Sin, da ƙoƙon bara a ƙofar asusun IMF. Ko wane ne ke riƙe da ragamar Nijar, diyaucin da zai ɗore sai an kafa shi a kan hukumomin da za su rayu bayan masu mulkin yau, kuma sai an bar ƴan ƙasa su tambayi abin da ke cikin takardun da ake sa wa hannu da sunansu.

Indiya ta yi kusan shekara 80 tana wannan aiki, har yau ba ta gama ƙera injin jirginta ba. Mu da muka fara jiya, gara mu rage ihu mu kama aiki. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya ba mu damina mai albarka.